Tarayya da Guzuri a Sha'anin Taskokin Manhaja

1. Abin da a ke nufi da taska

Duk wanda ya saba ɗora manhaja a kwamfuta ko a wayar hannu ya san abubuwa biyu da su kan ba shi mamaki. Na ɗaya, wata manhajar aikinta kaɗan ne, amma nauyinta ya kan haura megabait 100. Na biyu, wata kuma a kan ɗora ta lafiya lau, amma in an zo buɗe ta sai ta ƙi, ta ce ta nemi wani fayil ba ta same shi ba. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, watau hanyar da manhaja ta ke samun kayan aikin da ba mai ita ne ya ƙera su ba.

Ba wani marubucin manhaja da ya ke rubuta kome da kome da hannunsa. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja ke bukata, kamar zana haruffa a fuskar na'ura, da buɗe hoto, da matse fayil don ya rage nauyi, da kulle saƙo kada wani ya karanta shi a hanya. Waɗannan ayyuka an riga an rubuta umarninsu, an gwada, an tara kowane iri wuri ɗaya domin mai bukata ya ɗauka. Masana kwamfuta suna kiran irin wannan tari da kalmar Turanci mai ma'anar laburare, amma a cikin wannan takarda za a kira shi taska. Misali, taskar zlib, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler su ka fitar a 1995, aikinta matse fayil. Taskar OpenSSL aikinta kulle saƙo. FreeType zana haruffa ta ke yi, HarfBuzz kuwa ita ke tsara yadda haruffan za su jeru, su haɗu da juna.

Hanya biyu ce manhaja ke samun taska. Ko dai a ajiye kwafi ɗaya a na'ura kowa ya riƙa amfani da shi, wannan shi ne tarayya, ko kuwa kowace manhaja ta zo da nata kwafin cikin kayanta, wannan shi ne guzuri. A da, ƙarancin wurin ajiya shi ya sa a ka fi son tarayya. Yanzu wuri ya yalwata, amma gardamar ba ta mutu ba, domin ainihin abin da ke cikinta shi ne sanin wanda nauyin gyara zai hau kansa ranar da a ka sami kuskure.

2. Asalin al'amarin

A watan Mayu na 1949 kwamfutar EDSAC ta fara aiki a Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila. Masu kula da ita, Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill, su ka lura mutane suna ta maimaita rubuta umarnin lissafi iri ɗaya, kowa yana kuskure nasa daban. Sai su ka rubuta waɗannan ƙananan ayyuka sau ɗaya, su ka tsaftace su, su ka ajiye su a jikin zirin takarda mai huda-huda. Wanda ya ke bukatar wani aiki sai ya ɗauko zirinsa, a kwafe shi cikin zirin shirinsa. A 1951 su ukun su ka buga littafi mai bayanin wannan dabara.

Wannan shi ne tsarin farko, kuma har yau yana nan. In an gama rubuta manhaja, akwai wata manhaja mai suna mahaɗi da ke ɗebo guntayen da a ke bukata daga taska, ta ɗinke su cikin jikin sabuwar manhajar, su zama fayil guda. Daga nan ba ruwan manhajar da taskar asali, ko an share ta ba abin da zai same ta.

Malaman da su ka san sha'anin littattafan hannu ba za su sha wuyar gane wannan ba. Almajiri ya kan kwafe babi daga littafin malaminsa ya sa cikin nasa kundin, ya tafi garinsu da shi. Ya huta da zuwa aro. Amma in daga baya malam ya gano an tsallake layi a wannan babi, gyaran da ya yi a nasa littafin ba zai kai ga kundin almajiri ba, sai an bi kowane kwafi an gyara shi daban. Wanda kuwa ya ke zuwa zauren malam ya duba littafin asali, shi gyara ya same shi ba da wahalarsa ba, sai dai ranar da ya tarar da zaure a rufe, ko an sake tsarin shafukan, karatunsa ya tsaya.

3. Yadda tarayya ke aiki

Tsarin Multics, wanda cibiyar fasaha ta MIT da kamfanin General Electric da ɗakunan bincike na Bell su ka fara ginawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1960, yana cikin na farko da su ka jinkirta haɗa manhaja da taska har sai lokacin da a ka buɗe ta. Windows ta zo da irin wannan tsari tun bugunta na farko a 1985, kamfanin Sun kuma ya shigar da shi cikin SunOS 4.0 a 1988, daga nan ya bazu cikin dangin Unix duka.

Ga yadda abin ya ke. Maimakon mahaɗi ya ɗinke taska cikin manhaja, sai ya rubuta sunanta kawai, tare da sunayen ayyukan da a ke so daga gare ta. In an buɗe manhajar, uwar manhaja, watau babban tsarin da ke tafiyar da na'ura kamar Windows ko Linux ko Android, ita ke karanta sunayen, ta nemo taskokin a wuraren da a ka keɓe musu, ta haɗa su da manhajar nan take. A Windows sunan irin wannan fayil ya kan ƙare da .dll, a Linux da .so, a kwamfutocin Apple da .dylib.

Amfanin farko shi ne tsimin wuri. A ƙaddara taska ce mai nauyin megabait 2, manhajoji 100 na bukatarta. In kowace ta ɗinke ta duka a jikinta, an ci megabait 200 na faifai, in kuwa tarayya a ka yi, 2 kaɗai. Haka kuma a ƙwaƙwalwar na'ura, uwar manhaja ta kan ɗora umarnin taskar sau ɗaya, duk manhajojin da ke buɗe su riƙa karantawa daga wuri guda, ko da ya ke kowace tana da wurin ajiye bayananta daban. A zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta wuce 'yan megabait ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tarayya tana tsaye ne bisa alkawari. Mai taska ya yi alkawarin cewa aiki kaza sunansa kaza, in an ba shi abu kaza zai mayar da abu kaza. In ya fitar da sabon bugu ya sake ɗaya daga cikin waɗannan, duk manhajar da ta dogara da tsohon tsari ta shiga uku. Domin haka a Linux a kan sa lamba a ƙarshen sunan taska, ba a kuwa sake lambar sai in an karya alkawari. Babbar taskar harshen C ta GNU sunanta libc.so.6 tun 1997, domin masu ita sun tsare tsofaffin ayyuka ba su zubar ba. OpenSSL kuwa da ta fitar da bugu na 3.0 a 2021, sunan ya tashi daga libssl.so.1.1 ya koma libssl.so.3. Da Ubuntu 22.04 ta fito a 2022 da sabuwar taskar kaɗai, waɗansu manhajojin waje da a ka gina bisa tsohuwar su ka ƙi buɗuwa.

4. Wahalar tarayya

Masu Windows sun ɗanɗana wannan wahala ƙwarai a shekarun 1990. A lokacin kowane kamfani ya kan zo da kwafin taskokin da ya ke bukata, ya zuba su cikin babban ma'ajin tsarin, inda kowa ke ɗiba. Sau da yawa sabuwar manhaja ta kan danne taskar da ta tarar da wani bugu daban, wani lokaci ma wanda ya fi tsufa. Mutum ya ɗora manhajar wasa yau, gobe manhajar lissafinsa ta daina aiki, shi kuwa bai san abin da ya haɗa su ba. Haka in ya cire wata manhaja, ta kan tafi da taskar da waɗansu ke bukata.

Microsoft ya bi hanya biyu wajen magance wannan. A Windows 2000 a ka hana manhajoji danne fayilolin tsarin. A Windows XP, a 2001, a ka shigo da ma'aji mai suna WinSxS, inda bugu daban-daban na taska ɗaya ke zaune kusa da juna, kowace manhaja ta faɗi wanda ta ke so. Haka kuma mai duba jerin abubuwan da ke cikin kwamfutarsa ya kan ga taskar Visual C++ sau da yawa, ta 2010 da ta 2012 da ta 2013, duk ga su jere. Ba kuskure ba ne, kowace akwai masu dogara da ita.

Mutanen Linux wata hanya su ka bi. Ƙungiyoyin da ke harhaɗa tsarin, irin su Debian wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, su kan karɓi dubban manhajoji, su gina su duka bisa taskoki iri ɗaya, su gwada su tare, sa'an nan su fitar da su gaba ɗaya. Kowane ƙunshi yana ɗauke da jerin taskokin da ya ke bukata, akwai kuma manhaja mai kula da wannan lissafi, ba ta barin a cire taska alhali wani na dogara da ita. Ƙa'idar Debian ma ta hana ƙunshi ya yi amfani da kwafin taskar da ya zo da shi in akwai ta a cikin tsarin. Wannan ya kawo zaman lafiya, amma da tsadarsa. Debian ta kan fitar da tabbataccen bugu wajen bayan shekara biyu-biyu, saboda haka mai amfani da ita ya kan daɗe da tsohuwar manhaja. Marubucin manhaja kuma tilas ya lura da bambancin taskokin Debian da na Fedora da na sauransu, ko kuwa ya jira wani ya shirya masa ƙunshi.

5. Komawa ga guzuri

Da faifai da ƙwaƙwalwa su ka yi araha, marubuta da yawa su ka ga gara kowa ya ɗauki guzurinsa. A kwamfutocin Apple, tun Mac OS X na 2001, abin da mutum ke gani kamar fayil ɗaya a gaskiya jaka ce, cikinta akwai manhajar da hotunanta da taskokin da tsarin bai tanada ba. Wannan dabara sun gaje ta ne daga tsarin NeXTSTEP. A Android, wadda ta fito a 2008, tsarin yana ba da waɗansu taskoki sanannu, duk abin da ya wuce su kuwa manhaja ce za ta zo da shi cikin ƙunshinta. Sababbin harsunan rubuta manhaja irin su Go da Rust su ma bisa al'ada su kan ɗinke taskokin harshen cikin manhaja, kamar yadda a ka yi a zamanin EDSAC. Docker, wanda ya fito a 2013, ya ƙara gaba, domin shi ya kan naɗe manhaja tare da kusan dukan taskokin tsarin da ta ke bukata.

Ribar guzuri a fili ta ke. Abin da marubuci ya gwada shi ne daidai abin da zai isa hannun mai amfani, ba wanda zai sake masa taska a bayan idonsa. Hasararsa ta farko nauyi ne. Manhajojin da a ka gina da Electron, kamar Visual Studio Code da Slack da Signal na kwamfuta, kowace tana ɗauke da cikakken injin Chromium, watau injin da burauzar Chrome ke aiki da shi. Wanda ya ɗora uku yana da injin nan sau uku. Ga mai ƙaramar waya, wanda ke sayen data da awo, wannan nauyi kuɗi ne ke fita daga aljihunsa duk lokacin da a ka ce ya sabunta.

6. Ranar gyara

Hasara ta biyu ta fi ta farko girma, ba ta kuwa bayyana sai ranar da a ka gano ɓaraka. A watan Maris na 2002 a ka sami kuskure a zlib 1.1.3, a ka gyara a 1.1.4. Manhajojin da ke tarayya da taskar tsarin sun warke da sake fayil ɗaya. Amma sai a ka tarar manhajoji masu yawa sun kwafe zlib cikin jikinsu, tilas a ka bi su ɗaya-ɗaya ana nema.

A watan Afrilu na 2014 a ka bayyana ɓarakar da a ka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, daga bugu na 1.0.1 zuwa 1.0.1f. Ta wannan kafa ɓarawo na iya tsamo kalmomin sirri da mabuɗan kulle saƙo daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet. Inda a ke tarayya, mai kula da na'ura ya sauke gyararriyar taska, ya sake kunna manhajojinsa, ya sauya mabuɗai, shi ke nan. Na'urorin da a ka ɗinke musu taskar kuwa sai da su ka jira kamfanoninsu. Haka a ka sake gani a watan Disamba na 2021 game da Log4j, wata taskar harshen Java wadda a kan cusa cikin wata taskar, ita ma cikin wata, har ma'aikatu da yawa ba su san suna da ita ba. A watan Satumba na 2023 kuma a ka sami ɓaraka a libwebp mai buɗe hotuna, sai da Chrome da Firefox da manhajojin Electron kowace ta fitar da nata gyaran daban.

Kada a ɗauka tarayya ba ta da nata hatsarin. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar wajen rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ɓarauniyar ƙofa cikin taskar matse fayil ta xz, bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana taimakon aikin da sunan aro, har a ka amince da shi. Manhajar da ke tsaron ƙofar shiga ba ta nemi wannan taska da kanta ba, wata taskar da a ka haɗa ta da ita ce ta jawo ta. An yi sa'a an gano abin tun yana cikin bugun gwaji na Debian da Fedora, bai kai ga tabbatattun bugu ba. Hanyar da gyara ke bi ya isa ga kowa, ita ce kuma guba za ta bi, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari.

7. Hanyoyin tsakiya

Saboda kowane ɓangare da aibinsa, an nemi hanyoyin da za su haɗa amfanin biyun. Flatpak, wanda ya sami wannan suna a 2016, ya raba kaya gida biyu. Akwai shimfiɗa ta taskokin da kowa ke bukata, wadda manhajoji da yawa ke tarayya a kanta, masu ita kuma suna gyara ta. Abin da babu a shimfiɗar, manhaja ta zo da shi. Shimfiɗa biyu masu bugu daban suna iya zama a na'ura ɗaya, fayilolin da su ka yi daidai da juna kuma sau ɗaya a ke ajiye su. Snap na kamfanin Canonical yana da tsari mai kama da wannan.

Nix, wanda Eelco Dolstra ya fara a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2003, ya kan ba kowace taska wurinta daban, da suna mai dogon lamba wadda a ka lissafo daga duk abin da a ka gina ta da shi. Manhajoji biyu masu bukatar abu ɗaya sak su yi tarayya, masu bukatar daban kowa ya sami nasa, ba mai danne wani. Android ita ma tun bugu na 5, a 2014, ta ware injin nuna shafukan intanet ta mai da shi abin tarayya da a ke sabuntawa shi kaɗai, ba sai an jira kamfanin waya ba.

8. Inda abin ya shafi rubutun Hausa

Wannan magana ta taɓa masu nazarin Hausa ta wajen Ajami. Harafin Larabci siffarsa ta kan sake gwargwadon matsayinsa, ko a farkon kalma, ko a tsakiya, ko a ƙarshe. Taska irin HarfBuzz tana ɗauke da jadawalin da ke nuna wane harafi ke haɗuwa da na kusa da shi, an kuwa ciro jadawalin daga ma'aunin Unicode. A 2016, cikin bugu na 9.0, Unicode ta ƙara haruffan fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warsh, wanda a ka saba da shi a ƙasar Hausa. Manhajar da ke ɗauke da kwafin taskar da ya girmi wannan ƙari ba ta san haruffan ba, saboda haka ta kan bar su a warwatse ba haɗi, ko da an sa mata zanen haruffa mai kyau. Wannan yana cikin dalilan da su kan sa matani ɗaya ya fito daidai a burauza, amma ya lalace a wata manhajar, a kwamfuta guda. Mai bincike ya kan zargi fayil ɗinsa, alhali laifin na tsohon guzuri ne.

9. Abin lura

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ba a iya yanke hukunci ɗaya ga dukan manhajoji. Tarayya tana ɗora nauyin gyara bisa masu kula da tsarin, tana kuma bukatar masu taska su cika alkawari. Guzuri yana ɗora shi bisa marubucin kowace manhaja, in kuwa ya mutu, ko kamfaninsa ya rushe, ko ya gaji, kwafin da ya bari zai zauna da kuskurensa har abada.

Saboda haka sashen jami'a ko kwalejin horon malamai da ke shirin zaɓen manhaja ya kamata ya duba irin aikin da za ta yi. Manhajar da ke karɓar saƙo ko hoto ko fayil daga intanet, lalle a tabbata akwai mai sabunta taskokinta, a kuma san ko wane ne. Manhajar da a ke so ta buɗe wani ƙamus ko tarin matani bayan shekara 20, a na'urar da ba ta haɗe da intanet, ita gara a adana ta tare da dukan taskokinta, a rubuta bugun kowace, a kuma ajiye matanin kansa a fayil na rubutu zalla bisa ma'aunin Unicode, domin ko manhajar ta daina buɗuwa, a iya karanta shi da wata.